Fatar akuya ko ƙirgi: wacce za ta ɗauki but ɗin damina?

Isa Bolari: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, haske nake nema. But na aiki nake nufi, wanda manomi ko mafarauci ko ɗan acaɓa zai shiga taɓo da raɓa da shi tun daga Yuni har Oktoba, ba na kwalliya ba. Ga babbar sallah ta ƙarato, fatun awaki da na tumaki za su yi araha, ga kuma jemammiyar akuya a hannun majema. Za ta ɗauki wannan aiki, ko dole sai ƙirgi? In ƙirgin ne, na bagaruwa ko na kamfani?

Bappa Sale Majemi: Wa alaikumus salam, ɗana. But ba fata guda ba ce, uku ce. Akwai ta sama mai karo da ƙaya da taɓo, akwai shafin ciki mai shan gumi, akwai ta ƙasa da ake takawa. Ta sama ƙirgi take so, kauri milimita 1.8 zuwa 2.2. Jemammiyar akuya da ƙyar take wuce milimita 1, wadda ta kai 1.2 kuwa sai ta tsohon bunsuru, ita ma fuskarta kaushi gare ta. Akuya na da ƙarfi daidai kaurinta, amma ba ta tsayuwa da kanta. Ka ɗinka dogon but da ita, kafin wata ya zagayo wuyan ya zube ya taru a idon sawu kamar safar da robarta ta mutu. Wurinta shafin ciki da harshe da bakin wuya. Ta tunkiya kuwa ko shafin dunduniya kada ka ba ta.

Malam Buba Dukku: Bappa, a yi mini afuwa, ban karɓa duka ba. Dogayen takalman da mahaya ke sawa ranar hawan sallah, wasu har gwiwa, da me ake yin su in ba akuya ba? Kuma jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da fatarta, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko saboda ta can take isa hannunsu. Fatar da ta yi wannan suna a duniya ba a ce ta kasa but ba.

Bappa Sale Majemi: Malam Buba, takalmin hawa doki ne ke yi masa tafiya. Aikinsa likkafa, da kare ƙwauri daga guga. Sau nawa yake fita a shekara? Ana sauka a kakkaɓe shi a mayar cikin adaka. Sunan da jar akuya ta yi a Turai kuwa a bangon littattafai da jakunkuna da takalman gayu ta yi shi, ba a kunyar masara ba. Ba raina ta nake ba, ita ce sarauniyar fatun ƙasar nan. Amma ba a aiken sarauniya ɗebo ruwa.

Usman Bajoga: Ku biyun kuna da gaskiya a inda kowa ya tsaya. Daga idon sawu zuwa sama ana iya sa akuya, in an yi mata shafi kuma an ɗora tsiri na ƙirgi a baya daga dunduniya zuwa baki don ya riƙe ta tsaye. But ɗin zai fi sauƙin nauyi, ba zai ci ƙwauri ba. Amma gaba da dunduniya sai ƙirgi. Masu ninka akuya biyu su manne da gam don a sami kauri, wannan aikin rani ne. Ruwa na shiga tsakani ta ramukan ɗinki, gam ya saki, ta saman ta kumbura kamar bororo daidai inda yatsu ke lanƙwasawa.

Adda Hauwa: Bari in ƙara dalili kan maganar tunkiya. A fatar tunkiya akwai kitse kwance tsakanin fuska da naman fatar. In an jeme, kitsen ya fita, sai wurin ya zama sako-sako, shi ya sa fuskarta ke ɗayewa da ɗan gogayya kuma ɗinki ke yaga ta. Namu irin su Balami da Uda da 'Yankasa, da yake gashi ne da su ba ulu ba, fatarsu ta fi ta tumakin Turai tsauri nesa ba kusa ba, har ana nemanta a waje don safar hannu. Duk da haka dunduniya za ta cinye ta.

Ga tambaya ta biyu, Isa ƙanena. Don saman but ɗin da zai kwana a jiƙe, jimar kurom, wato sinadarin da kamfani ke jima da shi, ita ce a gaba, kuma na san Bappa ba zai ji daɗi ba. Tun da wani mai suna Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar a Amurka a 1884 ta mamaye sana'ar, yau fiye da kashi uku cikin huɗu na fatar duniya da ita ake jemewa. Fatar kurom tana jiƙa ta bushe ta koma yadda take. Ta bagaruwa tana shan ruwa kamar soso, ruwan ya wanke wani abu daga sinadarin jimar, in ta bushe ta ƙandare, fuskar ta tsattsage. Zafi ma haka: ta kurom da ta jemu sosai tana jure tafasasshen ruwa, ta bagaruwa tana ƙanƙancewa tun wajen digiri 70 zuwa 80.

Bappa Sale Majemi: Hauwa, ai ba wanda zai dafa but ɗinsa. Abin da kika faɗa gaskiya ne ga fatar da aka tsamo daga bagaruwa aka shafa mata ɗan man gyaɗa aka kai kasuwa. Wannan ta pilo da jaka da gidan wuƙa ce. Ƙirgin da za a yi but da shi ɗura masa maiƙo ake yi. Yana da sauran danshi, ba jagab ba kuma ba busasshe ba, a narka kitsen sa da ɗan kakin zuma ya zama ɗumi-ɗumi, a shafa ta gefen nama, a rataye a inuwa. Ruwa na fita maiƙo na maye gurbinsa. A maimaita sau biyu ko uku har in ka lanƙwasa ka ga launin ya yi haske a wurin, ka shafa da yatsa ya dawo. Kafin zuwan kurom sojoji da mafarautan duniya ba ƙafa tsirara suke yawo ba.

Sannan ki gaya wa yaron ɗaya gefen. Shimfiɗar ciki da tafin ƙafa ke kwanciya a kai, da fatar tsakiya da ake ɗinke sama a jikinta, wa ke yin su da kurom?

Adda Hauwa: Nan kam na sallama, Bappa. Shimfiɗar ciki ta bagaruwa ce, milimita 2.5 zuwa 3, domin tana shan gumi ta sake shi da dare, tana ɗaukar siffar ƙafa, tana riƙe zare da ƙusa. Kurom ba ya yin ko ɗaya da kyau. Shafin ciki ma akuyar bagaruwa ta fi, don akwai mutanen da kurom ke sa wa ƙaiƙayi da ƙuraje in gumi ya haɗu da shi. Amma a saman ina nan kan bakana. Ɗura maiƙo daidai ba kowane majemi ya iya ba, kuma fatar da ta ƙoshi da maiƙo gam ba ya kama ta. Duk wanda ya zaɓe ta ya san sai ɗinki.

Isa Bolari: Adda, in na je saye, yaya zan gane wacce ce wacce? Duk an rina su, kowa kuma cewa yake tasa orijina ce.

Adda Hauwa: Da reza. Ka yanki ɗan gefe ka dubi cikin yankan. Kurom za ka ga toka-toka mai ɗan shuɗi a tsakiya, sai fa in rini ya ratsa ta gaba ɗaya. Bagaruwa za ka ga ruwan ƙasa ko launin madara. In ka ga farin layi a tsakiya mai sheƙi kamar ƙaho, jima ba ta ratsa ba, ɗanyar fata ce a ciki, kuma ranar da ta jiƙa za ta yi wari, ranar da ta bushe ta karye. In kana shakka, jefa ɗan yanki a tafasasshen ruwa minti ɗaya. Na kurom zai fito kusan yadda ya shiga, na bagaruwa zai murɗe ya taurare. Ko ka ɗora jiƙaƙƙiyar ƙusa a kan marar rini: in ta bar baƙin tabo, bagaruwa ce.

Abin da ya fi cutar masu saye shi ne tsagi. Ƙirgi yana da kauri, a kamfani inji ke tsaga shi gida biyu. Na saman mai fuska shi ne na but. Na ƙasan akan shafe shi da roba a buga masa zanen fata, ya yi kyau a ido fiye da na gaskiya. Ka ninka shi sosai, za ka ga ya yi wani santsi na leda, babu ƙofofin gashi, kuma farce na iya ɗago robar a bakin yanka. Wannan a lanƙwasar yatsu yake fashewa.

Alhaji Manu Kumo: Kuna ta ƙirgi ƙirgi kamar a ƙasa ake tsintarsa. Ku je kasuwar dabbobi ta Tike a Gombe ko kasuwar Kumo ranar da aka yi yanka ku ga inda yake tafiya. Tukunya. Mai ganda yana biya nan take, bai damu da yankan wuƙa ba, bai damu da tabon lalas ba, ba ya neman a sa gishiri. Majemi kuwa sai ya ɗaga ya duba ya rage kuɗi. Wa mahauci zai ba? Manyan motoci ke kwasa zuwa kudu. Shi ya sa kamfanonin jima na Kano, na Challawa da Sharaɗa, yawancin aikinsu akuya da tunkiya ne, kuma mafi yawa waje ake fitarwa. Ƙirgin kurom mai kyau da za ka gani a hannun masu sayar da kayan takalmi, da yawansa shigo da shi aka yi. Mu masu shanun, mu ke sayen fatar shanun wasu.

Ɗanjuma Tike: Alhaji, kullum mahauci ake ɗora wa. An bar jaki ana dukan taiki. Tun saniya na kan ƙafarta rabin fatar ta lalace. Lalas a cinya da gadon baya, wurin da ya fi kowane tsada. Tabon kaska, wanda ke zama ƙananan ramuka bayan jima. Kirci da ke yawaita da damina, shi kuma ɓawo-ɓawo yake bari a fuska. Ga ƙaya, ga wayar shinge, ga sanda, ga gogar mota daga Dukku zuwa Gombe. Da masu lalas za su mayar da shi ƙasan ƙafa ko kumatu da an rage asara mai yawa.

Alhaji Manu Kumo: Na ji. To huda bakwai a fata guda kuma kaska ce ta yi?

Ɗanjuma Tike: Wannan namu ne, ban musa ba, kuma wuƙa ce sanadi. Wuƙar yanka mai tsini ba ta fiɗa ba ce. Ta fiɗa mai lanƙwasasshen baki ce, kanta a dakushe, kuma kaifin nama yake kallo ba fata ba. A ƙirgi tsaga ɗaya ake yi miƙe daga maƙogwaro zuwa gindin wutsiya, sai a tsaga ƙafafu huɗu su haɗu da ita daidai, don fatar ta fito da kusurwa huɗu. Akuya da rago kuwa wuƙa a ƙafafu da wuya kawai take aiki. Sauran da dunƙulen hannu ake turawa, dabbar na rataye, a zare kamar riga. A yi tun jikin na da ɗumi, in ya huce fata kan kama. Mafi muni ba hudar da ake gani ba ce, zanen da ya shiga rabin kauri bai ɓulla ba. Shumeka ba zai gan shi ba sai ya ja fatar a kan las, wato siffar ƙafa da ake gina takalmi a kanta, ta buɗe masa.

Bappa Sale Majemi: Tunda maganar layya ce ta kawo mu, masu tattara fatu su ji wannan. Da zafin garin nan fata ba ta jiran la'asar. Awa 4 in ta yi yawa 6, ta fara ruɓewa daga ciki, balle an cusa ta a leda ko an tara ta tsibi. A shimfiɗa ta a inuwa ta huce, a kankare kitse da nama, a wanke jini a tsane, sannan gishiri ta gefen nama har bakin ƙafafu da wuya, nan ne ake mantawa. Akuya da rago gishiri wajen rabin nauyin fatar: akuya mai kilo 1 rabin kilo, babban rago kilo 1 ko fiye. Ƙirgi kashi ɗaya cikin uku, wato mai kilo 20 ya sami kilo 7. A jera su a kan katako mai ɗan gangara don ruwan ya tsiyaye. Kada a maimaita tsohon gishiri, shi ke kawo jan tabon nan da ke cin fuska. In ka ja gashi ya biyo hannunka, magana ta ƙare, ko wane gwani ba zai dawo da fuskar ba.

Malam Buba Dukku: Wanda ba shi da kuɗin gishiri fa? A ƙauye shanya ake yi tun kaka da kakanni.

Bappa Sale Majemi: Shanya ba laifi ba ce, shanya a ƙasa cikin rana ita ce laifi. Sama ya bushe ya rufe, ciki na dahuwa, ƙasan kuma ba iska. Da ido lafiya lau. Ranar da aka jiƙa ta a majema sai ta rabu gida biyu ko ta yi ramuka. A ɗaure ta da igiya a jikin firam na itace, a tsaye, a inuwa mai iska, kada a ja ta har ta yi ƙarar ganga. Da damina dai gishirin ya fi, domin ba ta bushewa da wuri. Busasshiya kuma ƙwaro ke bi, a riƙa ɗagawa ana kakkaɓewa.

Isa Bolari: Bappa, in mutum ya samo ƙirgi mai kyau ya kai a jeme masa da bagaruwa, me zai sa wa ido don kada a ba shi mai farin layin nan?

Bappa Sale Majemi: Ya sa wa kwanaki ido. Jiƙo kwana 1 ga mai gishiri, busasshe 2 zuwa 3 ana sauya ruwa. Sai ruwan toka, yanzu ana haɗawa da farin dagwalon kabayid na masu walda. Akuya kwana 2 zuwa 4 gashi ya saki, ƙirgi ya kai mako. A ɗora a kan gungume a tuje gashi da kartaji, a juya a kankare nama. Daga nan sai a fitar da tokar daga jikin fata, da wanki da ruwan dusa mai tsami, a bi da ruwan kashin kaji ko na tattabara, wasu tsiron fatakka suke sawa. Wannan mataki shi ke kawo laushi, kuma sa'o'i ne ba kwanaki ba. Alamar ya isa: ka danna babban yatsa shaidar ta zauna. In ya zarce fuska ta yi sako-sako. Ƙirgin da za a yi ƙasan takalmi da shi kaɗan ake yi masa, don tauri ake nema.

Bagaruwa a samo busasshiya, a daka a fitar da ƙwallon, ɓawon ne mai aiki. A ƙiyasi, garin ya kai nauyin fatar da aka tsane, na sol ya fi haka. Ga inda masu gaggawa ke faɗuwa: su zuba sabon ruwa mai ƙarfi tun farko. Waje ya jemu nan take ya toshe, ciki ya zauna ɗanye, fuska ta yamutse. Da tsohon ruwa ake farawa, a riƙa ƙara ƙarfi ana juyawa. Akuya kwana 2 zuwa 4. Ƙirgi makonni, mai kauri ya haura wata. Duk wanda ya ce ka dawo jibi ka karɓi ƙirgi, rina maka zai yi. Kuma ban da durom na ƙarfe, kwatarniya ko roba. Ƙarfe da bagaruwa baƙi suke haifarwa.

Malam Buba Dukku: Wanda shi ne sirrin kuloko. Baƙin da dukawa ke yi da kashin maƙera ai wannan haɗuwar ce, shi ya sa ba ya goguwa, a cikin fatar yake. Sai dai in ya yi yawa fuska kan yi gautsi, dole a bi da mai. Jan karan dafi da kanwa kuwa kada a sa shi a shafin ciki, gumi zai mayar da safa ja.

Adda Hauwa: Dagwalon kabayid ɗin nan yawancinsa laim ne, wato farar ƙasa, kusan irin wanda kamfani ke sawa, sai dai su suna ƙara sinadarin salfayid don gashi ya narke cikin kwana guda. Duka biyun suna cin hannu, a sa safar roba. Wanda kuma ke tunanin sayo garin kurom ya gwada a bayan gida, ya haƙura. Sai an ƙara wa fata tsami da gishiri da asid har ma'aunin tsami, wato pH, ya sauka zuwa 3, a sa kurom kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinta, a ɗaga a hankali zuwa wajen 3.8 ko 4. In aka yi gaggawa ya taru a fuska ya yi dabbare-dabbare. Ruwan da ya rage kuma ba na zubawa a kwata ba ne. Mai son koyo da gaske ya nufi cibiyar fata ta NILEST a Samarun Zariya.

Usman Bajoga: To a dawo teburin shumeka, don ana iya samun fata mai kyau a kashe ta da almakashi. Ƙirgi ba ɗaya ba ne daga kai zuwa wutsiya. Gadon baya zuwa kuturi shi ne mai tsauri, nan za ka fitar da gaban but. Gefe da wuyan but daga kafaɗa da haƙarƙari. Ciki da hammata sako-sako ne, na harshe ne kawai. Shanunmu, Bunaji da Rahaji da Gudali, masu tozo ne, wurin tozon aljihu yake bari wanda ba ya kwanciya, a kewaye shi. Kafin ka zana, ja fatar da hannu biyu ka ji inda take miƙewa. Miƙewar ta zagaye ƙafa, kada ta bi daga dunduniya zuwa yatsu, in ba haka ba but ɗin zai yi tsawo ya riƙa saɓulewa. Ƙafar hagu da ta dama a yanke su daga wurare masu kama da juna, kada ɗaya ta tsufa ta bar ɗaya.

Lissafi: but mai rufe idon sawu, lamba 42 ko 43, ka tanadi ƙafa murabba'i 4 zuwa 5 na ƙirgi, da akuya guda ta shafi, don matsakaiciya takan ba da ƙafa 4 zuwa 6. Ka bar rarar santimita 1.5 zuwa 2 ta ja a kan las. Inda fata za ta hau fata a fere bakin, amma kada a wuce rabin kauri. Ɗinki 6 zuwa 8 a inci, layi biyu, da zaren nailan mai kaki. Masu matse ɗinki don ya yi kyau layin yagewa suke yi wa fata, irin na takardar rasit.

Isa Bolari: Hamma Usman, sol ɗin fa? Gam kawai ko ɗinki?

Usman Bajoga: Na damina ɗinki. Hanya mafi sauƙi ga mai aikin hannu: maimakon ka tura bakin saman ƙarƙashin las, ka juyo shi waje, ka kwantar a kan fatar tsakiya ta bagaruwa mai milimita 3 zuwa 4, ka ɗinke da basilla ɗinki 4 zuwa 5 a inci. Ruwan da ya gangaro waje zai bi. Sannan ka manna roba a ƙasa. Sol ɗin fata zalla santsi yake a taɓo kuma yana shan ruwa, taya ta fi shi. Wajen gam, a kankare fuskokin biyu da samfefa, a share ƙura, a shafa sau biyu a gefen fata, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, a haɗa a bubbuga da guduma. Gam mai launin ruwan ɗorawa na roba da fata ne. Sol ɗin leda da ake sayowa a shirye farin gam yake so, wanda ake ɗumamawa kafin a haɗa. Yawancin sol da ke ɓallewa daga nan ne. Harshe a ɗinke gefunansa da jikin but har kusan sama, in ba haka ba duk wahalar banza ce, ta wurin igiya ruwa zai shiga. Ƙananan zoben igiya da ƙusa a nemi na tagulla in fatar bagaruwa ce, na ƙarfe tsatsa suke yi su ƙona kewayensu. A bar shi a kan las kwana 2.

Maman Walid: Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa daban ce, ku yi haƙuri. But ɗin gwanjo da ake saya wa 'yan makaranta, ana cewa wasu da fatar alade ake yi. Akwai yadda za a gane?

Adda Hauwa: Akwai, Maman Walid, kuma yawanci a shafin ciki take, ba a waje ba. Ki buɗe wuyan ki duba a haske. Ƙofofin gashin alade manya ne, jere uku-uku kamar duwatsun murhu, da tazara tsakaninsu, kuma suna ratsa fatar har baya. Na saniya ƙanana ne birjik a ko'ina, na akuya layi-layi. A lura, akwai roba da ake buga wa irin wannan zane, ita in kin duba bakin yanka za ki ga yadi a bayanta. Hukuncin sawa kuwa na malamai ne.

Alhaji Manu Kumo: Haka masu tambayar fatar kada da mesa da guza. Ban da cewa ba sa jure lanƙwasa da taɓo, ɓawon mesa ɗagowa yake, cinikinsu zuwa waje yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, sai da takarda. Kada wani ya ɗinka ya aika wa ɗan'uwansa a waje a riƙe a filin jirgi.

Malam Buba Dukku: Saura abu ɗaya da ba a taɓa ba, kuma shumeka ake zagi a kai. In but ya jiƙa, mai shi ya kai shi bakin murhu ko ya ɗora a kan kwano da rana tsaka. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta jure zafin da busasshiya ke jurewa, ƙandarewa take ba ta dawowa. A wanke taɓo tun yana ɗanye, a cusa tsohuwar jarida, a ajiye a inuwa mai iska, a sauya takardar in ta jiƙe. Ya kusa bushewa a shafa man kaɗe.

Bappa Sale Majemi: Man kaɗe shi kaɗai laushi yake sawa, ba ya tare ruwa sosai, kuma in ya yi yawa gaban but ya kwanta. Kitsen sa da aka narka aka tace kashi 2, man kaɗe kashi 1, kakin zuma kashi 1. A shafa kaɗan, a bi layin ɗinki da tsohon burushin haƙori. Ban da baƙin mai na inji da 'yan acaɓa ke shafawa, yana kashe gam, yana hana fata numfashi.

Adda Hauwa: Wannan haɗin a kan bagaruwa ko kurom marar fenti, Bappa. Wadda aka yi wa fenti mai sheƙi ba zai shiga ba, zama zai yi a sama ya kwashi ƙura, ita sai polish. In kuma fumfuna ta fito a watan Agusta, a goge da tsumma da ruwan khal da aka sirka rabi da rabi, a bari ya bushe sarai kafin a sa kowane irin mai.

Isa Bolari: Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Hamma Usman, las ɗin hafkoba zai yi, ko sai na nemi na but?

Usman Bajoga: Ba zai yi ba. Na hafkoba gadon ƙafarsa a kwance yake, ƙafa ba za ta shige ta wuya ba. In na but bai samu ba, ka manna fata a gadon las ɗin da kan yatsu, kauri wajen milimita 5, ka goge da samfefa ta bi jiki. Awo kuma da yamma za ka ɗauka, mutumin na tsaye, sanye da safar da zai riƙa sawa a ciki.